In ka je likita: don mi ake tambaya, a duba, a auna, kafin a ba da magani?



A wannan wata za mu yi magana bisa wani abu da ke sa gunaguni a ƙofar likita. Mutum ya taso tun da asuba, ya yi doguwar tafiya bisa amalanke, ya bi layi, aka kira shi. Abin da yake so shi ne a yi mishi allura ya koma gona. Sai malamin likita ya zaunar da shi, ya shiga tambaya. Ya sa mishi wani ɗan tsinke a hammata, ya riƙe mishi wuyan hannu yana kallon agogo, ya ja fatar idonsa, ya danna cikinsa. Sai ka ji mutum ya fito yana cewa: "Yaron nan bai san aiki ba, sai tambaya da taɓe-taɓe."

To, mu tambayi kanmu. Wane makiyayi ne ke sayen sa a kasuwa bai buɗe bakinsa ya ga haƙora ba? Ai sai ya duba ido, ya shafa gashi, ya danna awazu, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Abin da muke yi wa dabba saboda kuɗinmu, shi ne malamin likita ke yi wa mutum saboda ransa. Cuta da yawa kamanninsu ɗaya ne daga waje. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu da sanƙarau, duka ukun da zafin jiki suke farawa, amma maganinsu ba ɗaya ba ne. In aka ba mai sanƙarau maganin sauro, an ɓata kwana, kuma kwana ɗaya a wannan cuta rai ne.

Malaman likita sun koyi wannan dubawa ne a makarantun aikin lafiya, irin na Yamai da Damagaram. Aikin yana bin tsari, daki-daki. Ga yadda yake.

Na farko: tambaya

Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba mishi. Malamin likita bai kwana gidanka ba, sai abin da ka faɗa mishi. Zai ce: "Baba, mi ya kawo ka?" In ka ce "jikina ne ba daɗi" ka yi shiru, ba ka ba shi komi ba. Ga irin amsar da ke taimako: "Malam, yau kwana 4 ke nan ina zazzaɓi. Da marece yake tasowa, da rawar ɗari. Jiya na yi amai sau 2. Na sha ƙwaya 2 da na saya a kasuwa, ga takardarsu."

Tambayoyin da za a yi maka ba su wuce waɗannan: Ina ke ciwo? Yaushe ya fara? Ƙaƙa yake, suka ne, ko murɗa, ko zafi? Kana cin abinci? Kana barci? Ƙaƙa fitsari da bayan gida suke? Akwai jini a ciki? Ka taɓa irin wannan ciwo? Akwai mai irinsa a gida? Wane magani ka sha?

In lissafin kwana ya ɓace maka, ka kama da ranar kasuwa ko ranar Juma'a. Yawan kwana yana da amfani ƙwarai. Tarin kwana 3 dabam, tarin da ya wuce sati 2 dabam. Wanda ya wuce sati 2, sai an auna majinar ƙirji don a ga ko tarin fuka ne, kuma maganinsa wata 6 ake sha ba fashi.

Kada ka ɓoye maganin da ka riga ka sha. Ko jiƙo ne, ko sassaƙe, ko turare, ko ƙwayar kasuwa, ko tsagar wanzami, ka faɗa. Ba faɗa za a yi maka ba. Ƙwayar parasetamol tana kwantar da zafin jiki na ƴan awoyi, sai ma'auni ya nuna babu zazzaɓi alhali cuta tana nan. In malam ya sani, ba za ta ruɗe shi ba.

Ka faɗi kuma irin aikinka. Manomi, in ka yi feshin maganin ƙwari kafin ciwon kai da amai su kama ka, ka faɗa. In ɗanka yana wanka a tabki kuma yana fitsarin jini, ka faɗa, wannan tsargiya ce, tana da magani. Makiyayi, in bisashenka suna ɓari ko suna mutuwa, ko ka feɗe wadda ta yi ciwo, ka faɗa, don akwai cutar da ke ƙetarowa daga dabba zuwa mutum. A shekarar 2016 irin wannan zazzaɓi ya faɗa wa makiyaya a jihar Tawa, wajen Cintabaradan da Tasara, har aka rasa rayuka. Cizon kare ma, ko ƙanƙane ne, kada a rufe shi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ciwon gaba, ciwon mara, basir, ɗigar fitsari bayan haihuwa, duka malamin likita ya saba ganinsu. Aikinsa ya hana shi fitar da asirin mara lafiya. Mace in tana jin nauyin namiji, tana iya roƙon mace ta duba ta in akwai, ko uwarta ko ƴar'uwarta ta tsaya kusa. Maigida, kada ka bar uwargida kwance ka tafi kai kaɗai ka faɗi ciwonta. Ba a auna jinin mutum a bakin wani.

Na biyu: kallo

Tun kana shigowa malam ya fara aikinsa. Yana kallon tafiyarka, da zamanka, da yadda kake numfashi.

In ya ja fatar ido ta ƙasa, jini yake nema. Ta mai lafiya ja ce. In ta yi fari, tafin hannu ma ya yi fari, jini ya ragu. Zazzaɓin sauro, tsutsar ciki, rashin abinci mai gina jiki da haihuwa kusa-kusa su ne suka fi shanye jini. In farin ido ya koma ruwan ɗorawa, shawara ce, sai a bincika hanta. In idanun yaro sun faɗa ciki, bakinsa ya bushe, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Zai duba harshe da maƙogwaro, ya duba kunne ko yana ruwa, ya duba fata ko akwai ƙuraje irin na ƙyanda, ko wani tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi, don kuturta da haka take farawa, kuma tana warkewa sarai in an kama ta da wuri.

Saboda haka in aka ce a tuɓe wa yaro riga, a tuɓe. Ba a ganin ƙirji ta bisa zane.

Na uku: awo huɗu na rai

Akwai abu huɗu da ake auna wa kusan kowa. Ku da kuka koyi lamba, ku riƙe waɗannan, za ku gan su an rubuta cikin karnenku.

Zafin jiki. Ɗan tsinken da ake sa wa a hammata shi ke auna shi. Na mai lafiya yana wajen 37. In ya wuce 37 da rabi, zazzaɓi ne. In ya kai 39 ko 40, ya yi tsanani. Tafin hannu yana ruɗi: wanda ya fito daga rana zai ji kowa da sanyi. Ku sani kuma, sanyin jiki ga jariri sabon haihuwa haɗari ne kamar zafi.

Bugun jijiya. In malam ya ɗora yatsu a wuyan hannunka yana kallon agogo, bugun zuciya yake ƙirgawa. Babba mai lafiya, yana zaune, zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 cikin minti ɗaya. Ta jariri ta fi sauri, tana kai 120 ko 140. Zazzaɓi, zubar jini da ƙarewar ruwan jiki suna sa ta gudu.

Numfashi. Babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Ga yara kuwa wannan ƙirga ita ce ke tona ciwon huhu. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60 a minti, ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, iyaka 50. Daga shekara 1 zuwa 5, iyaka 40. Ana ƙirgawa minti ɗaya cur, lokacin da yaro yake kwance lafiya ba ya kuka. Shi ya sa wani lokaci malam kan ce: "Inna, ba shi nono ya yi shiru tukuna." Ba ɓata lokaci ba ne. In kuma ƙasan ƙirjin yaro yana lotsawa ciki sa'ad da ya ja iska, ciwon ya yi nisa.

Ƙarfin jini, wanda muke ce wa tansiyo. Ana ɗaura wani ƙyalle a damtse, a hura shi, a sake shi sannu. Lamba biyu yake bayarwa, ta sama da ta ƙasa. A nan ƙasarmu za ka ji an ce "12 bisa 8", wannan daidai ne. In ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, ya hau. Amma awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Wanda ya sha tafiya sai ya zauna ya huta kamar minti 5 kafin a auna, kuma za a ce ya komo wata rana a sake. Hawan jini ɓarawo ne, ba ya sallama. Mutum yana noma, yana cin tuwonsa, ba ya jin komi, sai rana ɗaya ɓarin jiki ya mutu. Duk wanda ya fara manyanta, ya riƙa miƙa hannu a auna shi ko ba ya ciwo.

Na huɗu: taɓawa, ƙwanƙwasawa da saurare

Malam zai wanke hannu, ya ce ka kwanta rigingine ka tanƙwashe gwiwa, don ciki ya saki. Zai danna sannu, yana kallon fuskarka. A dama, ƙarƙashin haƙarƙari, hanta take. A hagu, saifa. Yaron da zazzaɓin sauro ya yawaita kama shi, saifarsa kan kumbura har a ji ta da hannu. In ciki ya yi tauri kamar allo, mutum ba ya so a taɓa, wannan na babban asibiti ne, wataƙila sai an yi aiki. In an danna wuri ka ji zafi, ka faɗa. Jarumtaka a nan ba ta da riba.

Zai tallabi ƙeya ya tanƙwaso kai wajen ƙirji. In wuya ya ƙage ga mai zazzaɓi, ana tsoron sanƙarau, cutar da ta fi tasowa lokacin ƙura da zafi, wadda ta yi mana ɓarna mai yawa a 1995, ta sake tasowa a 2015. Ga jariri, maɗiga ake taɓawa. In ta kumburo, alama ce marar kyau. In ta faɗa, ruwan jiki ne ya ragu.

Zai tsunkuli fatar cikin yaro mai zawo, ya saki. In ta koma nan take, madalla. In ta tsaya a tattare kafin ta koma, yaro ya bushe, yana bukatar ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, ƙunshi 1 cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, tare da ƙwayar zinki. Wanda ba ya iya sha, sai ƙarin ruwa ta jijiya.

Ƙwanƙwasawa fa? Kowace mace ta san yadda ake buga tulu a kasuwa a ji ko ya tsage. Kowa ya san ƙarar gora mai ruwa dabam da ta gora wofi. Haka ƙirji yake. Huhu mai lafiya iska ce a ciki, yana amsawa kamar ganga. In ruwa ya taru, sai ƙarar ta mutu.

Sannan ga abin sauraren nan da malam ke ratayawa a wuya. Mutane da yawa suna tsammani shi ne magani, har wani ya ce: "An ɗora mini, na ji sauƙi." Ba magani ba ne, kunne ne. Wani likita a ƙasar Faransa, mai suna Laennec, shi ya fara shi a 1816, da takarda da ya naɗe kamar bututu ya kara a ƙirjin mara lafiya. Da shi ake jin bugun zuciya, da shigar iska cikin huhu, da kukan hanji. In ana saurare, ka yi shiru, ka ja numfashi da baki in an ce ka ja.

Awon yara

Sikeli ba don gasa ba ne. Jaririn da aka haifa bai kai kilo 2 da rabi ba, ƙarami ne, yana son kulawa ta musamman. Yaro mai lafiya kan ninka nauyin haihuwarsa wajen wata 5 ko 6, ya ninka shi sau 3 in ya shekara. In an auna wata biyu a jere nauyi bai ƙaru ba, akwai dalili, kuma gara a neme shi kafin ƙafa ta sirance.

Ga kuma ɗan zaren awo mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Ana sa shi tsakiya, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ba a matse ba, ba a sake ba. Tsanwa, lafiya lau. Ruwan ɗorawa, wato tsakanin santimita 11 da rabi da 12 da rabi, tamowa ta fara. Ja, wato ƙasa da 11 da rabi, tamowa ta yi tsanani, a kai shi likita ranar nan. Wannan awo ba sai mai karatu ba. A 2013 da 2014, a ƙasar Mirya ta jihar Damagaram, an koya wa dubban uwaye yin sa a gida, aka ga awonsu bai kasa na ma'aikata ba. Daga nan dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa.

Akwai tamowar da ke ɓuya cikin kumburi, har a ce yaro ya yi ƙiba. Ga yadda ake gane ta: a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga ɗaya, biyu, uku, a ɗaga. In rami ya tsaya a ƙafa biyun, ruwa ne, ba tsoka ba. Wannan yaro na likita ne, ko da zare ya nuna tsanwa.

Mai zazzaɓi kuma, ana tsaga ɗan yatsa a ɗiga jini bisa wani ɗan allo. Cikin minti 15 ko 20 zai nuna ko ƙwayar cutar sauro tana nan. In bai nuna ba, kada ka matsa sai an ba ka maganin sauro. Ka bari a nemi ainihin abin da ke kawo zafin.

Awon ciki

Mai ciki ba mara lafiya ba ce, amma ita ma ana auna ta. Ungozoma za ta ɗauki nauyinta da tansiyonta, ta duba ido da tafin hannu, ta auna tsawon ciki da zare, ta lalubi kwanciyar ɗa, ta kara wani abu kamar mazurari ta ji bugun zuciyarsa. In tansiyo ya kai 14 bisa 9, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, fuska da hannu sun kumbura, jijjiga ce ke tafe, kuma tana iya ɗauke uwa da ɗa. Awo ne kaɗai ke hango ta tun tana nesa. A da ana cewa a je sau 4. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sau 8, a fara tun watanni ukun farko. A 2006 gwamnatin Nijar ta yanke cewa awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitocin gwamnati. Kada kunyar cikin fari ta hana yarinya zuwa. Uwar miji, ke ce za ki riƙa hannunta ki kai ta.

Alamun da ba a kwana da su

Ba kowane gari ke da likita ba, amma kowane gida yana da ido. In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan ga yaro, ku tashi, ko dare ne, ko ana tsakiyar shuka:

Ya kasa sha ko kama nono.
Duk abin da ya shiga bakinsa sai ya amayar.
Yana jijjiga ko sanƙarewa.
Ya yi laushi, ba ya farkawa sosai in an tashe shi.
Numfashi da sauri, ƙirji yana lotsawa.
Jaririn da bai kai wata 2 ba ya yi zafi ko ya yi sanyi.

Ga mai ciki: zubar jini, jijjiga, zazzaɓi, ɗa ya daina motsi, ko naƙuda ta wuce yini ko dare guda ba a sauka ba. Ga babba: baki ya karkace ko hannu ya mutu, ciwon ƙirji mai tsanani, aman jini, wuya ya ƙage.

In kun isa da irin wannan, kada ku zauna ƙarshen layi kuna jin kunya. Ku gaya wa majo ko duk ma'aikacin da kuka gani. Layin likita ba layin rijiya ba ne, wanda ya fi jin jiki shi ake fara dubawa. Ku ma da kuka riga shi zuwa, ku yi haƙuri, gobe naku ne.

In malamin ɗakin lafiya na ƙauye ya duba ya ce ku wuce CSI, ko majo ya rubuta takarda ya ce ku wuce asibitin gunduma, ba kora ba ce, ba kuma kasawa ba. Dubawar ce ta nuna mishi cewa ciwon yana son kayan aikin da babu a wurinsa. Ku riƙe takardar, ku tafi ranar, kada ku koma gida shawara har kwana uku.

Kafin ka tafi, kafin ka fito

In za ka likita, ka ɗauki karnen lafiya, da na rigakafin yaro, da kwalin duk maganin da aka sha. Yaro ya zo da wanda ya san cinsa da kwanansa, wato uwarsa, ba ƴar goyo kaɗai ba. A sa tufa mai sauƙin tuɓewa.

In an gama, kada ka tashi sai ka yi tambaya uku: Malam, mi ka gani? Ƙaƙa zan sha maganin, sau nawa, kwana nawa? Yaushe zan komo? Matambayi ba ya ɓata. In an rubuta lamba cikin karne, ka karanta ta, ka gwada da ta wancan zuwa. In malam ya ce ƙwaya ta isa, ka yarda, allura ba ta fi ƙwaya ba sai ga wanda ba ya iya haɗiya ko wanda ciwonsa ya yi tsanani.

Ƴan'uwa, ku karanta wannan ga waɗanda ba su iya karatu ba tukuna, a dandali da cikin gida, har mata su ji. Lafiya uwar jiki. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana yaranmu da bisashenmu, amin. Sai wata mai zuwa.